Yayen Nuraini

Ridwanu ɗan kawuna ne, abokin wasana, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, ba mai ce min don me. Tun muna yara nake kiransa Kurma, saboda mutum ne da za ka wuni tare da shi ba ka ji muryarsa ba. In ka tsokane shi sai ya yi murmushi ya sosa ƙeya. Yanzu furfura ta cinye masa gemu, amma halin yana nan daram.

A Nguru aka haife shi, can bayan tashar jirgin ƙasa, inda kakanmu ya sauka da ya baro Haɗeja yana fataucin fatu. Bai yi wayo ba uwarsa ta rasu. Yayarsa Salma ce ta goya shi, alhali ita ma ba ta gama girma ba. Da aka yi mata aure a Gashuwa, ana sauke kayan ɗaki ana sauke Ridwanu. Ita ta ci da shi, ita ta sha wahalar ƙyandarsa, ita ta nemo masa mata da ya isa aure. Shi ya sa har gobe in ya shiga gidanta ba ya zama a kujera, sai ya nemi gefen tabarma ya tanƙwashe ƙafa.

Da ya tasa sai ya koma Nguru ya shiga harkar mota, daga yaron mota har ya zama direban babbar motar Alhaji Dunoma. Yau bandar kifi, gobe shanu, jibi albasa, duk zuwa Kudu. In ya tafi sai a yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Matarsa Suwaibatu kuwa kishiyar halinsa ce, mai kitso ce mai dariya, ana jin shewarta daga bakin layi. Nakan ce musu Allah ne ya raba magana a gidansu, ya ba ta kasonta ya haɗa mata da na mijinta.

Shekara ashirin da ɗoriya suna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Asibiti sun je, rubutu ta sha, sassaƙe kuwa ba irin wanda ba a jiƙa mata ba. Daga baya suka fawwala wa Allah. Ridwanu ya taɓa sayen fili a hanyar Machina, ya zuba harsashi, sannan ya watsar. Ciyawa ta rufe wurin, awakin unguwa suka mai da shi makwanci. Na taɓa ce masa, "Kurma, ka gina gida mana, ka daina ciyar da mai haya." Sai ya ce, "Mardiyya, in gina wa wa?" Ranar ban iya tsokanarsa ba.

Ikon Allah, sai da Suwaibatu ta haura arba'in ciki ya zo. Ita ta ɗauka ma girma ne ya zo mata, har ta fara shan maganin kumburi. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki, likita kuma ya gaya musu gaskiya cewa daga wannan babu wata. Yarinya ce, jawur da ita, aka sa mata Nuraini. Yaya Salma ce ta taho daga Gashuwa ta yi wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta kwana da jaririyar har aka yi arba'in.

To kun san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an ce yana kuka sai ka kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Wannan kunya an yi ta ne don yara sababbin aure, waɗanda za su haifi tara a bayansa. Amma Ridwanu, da shekara hamsin a kansa, ya ɗauke ta ya yafa kamar bargo. "Yarinyar nan" yake cewa. Sau ɗaya na kama shi, na shiga ɗakinsu ba su ji sallamata ba, na tarar ya riƙe tafin ƙafarta yana gwadawa da babban yatsansa. Yana ganina ya saki kamar ya taɓa garwashi. Na yi dariya har da riƙe ciki, amma wallahi tausayinsa ne ya kama ni.

Da lokacin yaye ya yi, Yaya Salma ta zo ta goya Nuraini ta tafi da ita Gashuwa, kamar yadda ake yi, wai ta kwana biyu ta manta nono. Kwana biyu ya zama wata. Damina ta sauka, ta ɗauke, aka yi girbi, yarinya tana Gashuwa. Ba wanda ya ga abin magana, ɗan fari ai na dangi ne. Ita kuwa Yaya mijinta ya rasu, 'ya'yanta kowa ya kama gabansa, gidan ya yi mata faɗi. Zuwan yarinyar nan sai da ya mayar da ita budurwa. Ni da nake layi ɗaya da ita a Gashuwa na ga tsohuwa tana rarrafe a tsakar gida tana kukan tunkiya don 'yar ta yi dariya.

A Nguru kuwa Suwaibatu ta bushe. Ta daina kitso, shewar nan ta ɗauke. Takan kira ni a waya ta ce, "Mardiyya, ya mutanen gidan?" Na san mutum ɗaya take tambaya. Sai in ɗauki mayafi in tafi gidan Yaya, in ajiye wayar a kusa da inda Nuraini take wasa kamar mantuwa na yi, Suwaibatu kuma tana can tana saurare. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar da na gaji, na tare Ridwanu a tasha na zazzage masa. Na ce, "Kurma, kai wane irin mutum ne? Ƙwai ɗaya Allah ya ba ku a duniya, kana kallo matarka za ta mutu a tsaye!"

Ya je. Ya ɗauki kwalin banda ya kai wa Yaya, ya gaishe ta, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya tambayi kajinta. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta damunki kuwa?"

Yaya Salma ba yarinya ba ce. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Damuna? In ma tana damuna ina za ka kai ta? Gidan hayar nan mai rijiya a buɗe, mutum goma banɗaki ɗaya? Kai kana Kudu, in zazzaɓi ya kama ta wa zai ruga da ita asibiti? Ubanka a hanya ya ƙare, ni na san abin da na gani da kai." Ya sunkuyar da kai, ya ce haka ne. Ya yi mata sallama ya fita.

Ni na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Ashe Kurma ya riƙe ta kalma-kalma. Yana komawa Nguru ya kai wa Alhaji Dunoma makullin mota. Alhajin ya yi ta lallashi, ya ce wa ke barin sitiyari da tsufa, me zai ci? Ridwanu ya sosa ƙeya ya ce ya gode. Washegari aka gan shi tsugune a rumfar Ajimi mai gyaran injin ban-ruwa, yana koyon kwance ƙananan injinan da masu noman rani ke jan ruwa da su a fadama. Direban da ya san hanyar Kudu kamar tafin hannunsa, ga shi ana ce masa miƙo sifana. Abokansa na tasha sun yi masa dariya har sun gode Allah. Ni ma na yi tawa, na ce daga giwa ka koma kiwon ɓera. Samu ya ragu ƙwarai, miyar gidan ta daina ganin nama sai ran Juma'a.

Da yamma kuma sai su nufi filin nan na hanyar Machina. Suwaibatu ta sayar da tumakinta aka sayi siminti. Shi yake kwaɓa, shi yake buga bulo, ita tana jido ruwa. Bayansa ya riƙe, har sai da aka riƙa tashinsa da hannu in ya zauna. Haka suka cinye rani guda. Kafin hadarin farko sun ɗora kwano a ɗaki biyu, rabin katanga bulo rabi zana, ba ƙofar zaure sai buhu. Ba gidan a-zo-a-gani ba ne, amma nasa ne, kuma babu rijiya a ciki.

Ran nan da hantsi sai ga shi a Gashuwa da sabuwar riga. Ya biyo ta gidana ya ce in raka shi. Muka tarar da Yaya tana tsince shinkafa. Ya zauna a gefen tabarma ya fara: ya gwiwa, ya kaji, an ce gero ya tashi a kasuwar Kumagannam. Ni kuwa kamar in shaƙe shi. Ina zungurinsa da ƙafa yana matsawa. Har aka kira azahar bai taɓo maganar da ta kawo shi ba.

Sai Yaya ta ce wa Nuraini ta kai wa baƙo ruwa. Yarinya ta taho da kofi a hannu biyu, rabin ruwan yana zuba a rigarta. Ta tsaya nesa da shi ta miƙa, ta ce, "Kawu Direba, ga ruwa." Haka ta ji kowa a gidan yana kiransa.

Ya karɓi kofin. Bai sha ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ji wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Yaya, 'yata na zo ɗauka. Nuraini nake so. Na tsufa, Yaya, ba ni da wata, ba kuma zan samu wata ba. Uwarta ba ta barci. Ki yafe min."

Yaya ta ajiye faranti ta ce, "Ji mara kunya." Ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki. Na ce shi ke nan, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Jim kaɗan sai ga ta da jaka a ɗaure, da 'yan takalma a leda. Ta dire a gabansa ta ce, "Tun ranar da aka ce min ka ɗora kwano na haɗa kayan nan. Kullum sai in ciro riga in sa mata, in wanke in mayar. Jira nake ka buɗe baki. Uban da ya kasa neman 'yarsa a wurin yayarsa, a gaban wa zai tsaya mata gobe?" Ridwanu ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Ni ma ban san lokacin da na fara ba.

Amma ba a tambayi Nuraini ba. Tana ganin an ɗauki jakarta ta ƙanƙame zanin Yaya ta tsala ihu. Ridwanu ya miƙa hannu, ta ƙara shigewa. Yaya ta ce, "Kai, tafi can, ba haka ake yi ba." Ta ɗauki mayafi, ta goya ta, muka nufi tasha mu duka. Muka shiga motar Nguru a kujerar baya, Yaya a tsakiya da yarinya a cinya, tana jijjiga ta tana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa. Kafin mu kai Jajimaji barci ya kwashe ta.

Da mota ta tsaya sauke fasinja a Jajimaji, Yaya ta ɗaga yarinyar a hankali ta ɗora a ƙirjin Ridwanu, ta gyara mata wuya. Ya buɗe baki zai yi magana ta ɗaga masa hannu. Ta ce min, "Mardiyya, sauka." Muka sauka. Ta tsallaka titi da gwiwar nan tata, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya, har motarsu ta tashi.

A motar komawa Yaya ta zauna, hannuwanta a cinya kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba. Mun kusa shiga Gashuwa ta zabura ta dafa ni. "Kira shi. Na manta ban gaya masa ba. In ta motsa cikin barci sai ta laluba kunnen mutum ta riƙe, in ba ta samu ba firgita take. Ki ce kada ya hana ta."

Na kira. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma da raɗa yake magana. Na isar da saƙo, na kara wayar tsakanin kunnena da na Yaya don ta ji da kanta.

Ya ce, "Ki gaya wa Yaya tun da muka bar Jajimaji kunnena yana hannunta. Mun iso Nguru tun ɗazu, kowa ya sauka. Ina nan zaune a motar, na kasa motsi kada ta saki."

Yaya ta ce, "Sakarai." Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta.