Harshen Ammu Gharib

Shekara talatin da ɗoriya Ammu Gharib yana kiwon jatan lande a bakin tafkin Manzala, kuma bai taɓa sayen na'urar auna gishiri ba. Harshensa ne ma'auninsa. Sai ya tsuguna a bakin kududdufi, ya kamfaci ruwa, ya kurkure baki, ya tofar, ya ce a buɗe magudana ko a bar ta. Maƙwabta har layi suke yi da kwalabensu, shi kuwa yana ta yanga, wai ba ya ɗanɗana ruwan wanda bai kawo shayi ba.

Aikin ya cinye shi. Gwiwoyi sun tafi, gadon baya kullum ciwo, 'ya'yansa sun gudu birni sun bar shi da laka da sauro.

Bana zafi ya yi zafi. Idan rana ta shanye ruwa gishiri yakan taru, jatan lande su daina ci, su kasa sake ɓawo, su tsumbure. Dole a shigo da sabon ruwa kafin a makara. Sabri, maƙwabcinsa, bana ya fara kiwo, ya zuba duk abin da ya mallaka a kududdufi guda. Duk Juma'a yakan kawo kwalba, Ammu Gharib ya ɗanɗana ya ce lafiya lau.

Fathiyya, matar Ammu Gharib, ita ce ta fara ganewa. Kullum yana ƙorafin miya ba gishiri, alhali ita har ƙone mata baki take yi. Ranar da ya ci kifin da aka jiƙa a gishiri ya ce salam yake, ta ajiye cokali.

"Baban Samir, bakinka ya mutu. Ka gaya wa yaron nan Sabri."

Ya yi mata tsawa, ya fita. Amma ya san gaskiya ta faɗa, tsoro kuma ya kama shi. In ba harshen nan, shi wane ne a bakin tafki? Wani tsoho mai ɗingishi kawai. Haka ya ci gaba da kurkurar ruwan Sabri har sati huɗu, yana fatan zafi ya sauka ya rufa masa asiri.

Zafi bai sauka ba. Da Sabri ya jawo raga, jatan landen ba su kai ɗan yatsa ba, rabi ma sun mutu a laka. Mai sayar da abincin jatan lande ya tsoma na'urarsa, ya girgiza kai, ya ce ruwan ya kusa zama gishirin miya.

Ammu Gharib ya taka har can da sandarsa, ya faɗi komai a tsaye. Sabri bai ɗago ba, yana ta tsince matattun yana jefawa a bokiti.

"Tun yaushe ka sani, Ammu?"

"Wata guda."

Sabri ya goge hannu a riga.

"Da ka faɗa, wallahi da ban gaya wa kowa ba."