Motar da Ba Ta da Tanki

A tashar tasi ta bakin kasuwa Galan kowa yake kiransa, don tun yana saurayi ba a raba hannunsa da galan. Rabin rayuwarsa a layin gidan mai ya ƙare. A can aka zubar masa da haƙoran gaba da sifana, a can shi ma ya rotsa wa wani kai don ya tsallake masa layi. Zuciyarsa a kusa take, amma ni ban cika ganin laifinsa ba. Mutum ya wuni yana murza sitiyari, yamma ta yi ya juye guminsa a tanki, ya koma gida hannu rabbana, ina zai samo fara'a?

Tashar tana da doka: kuɗin mota ɗaya ne ga kowa. Wanda ya rage ko sisi ya ci amanar 'yan'uwa, hukuncinsa yashi a tanki. Galan ne ma yake zubawa. Ya kashe injin mutane da dama, bai taɓa rasa barci ba.

Sai ga shi ya sayar da tsohuwar motarsa, ya haɗa da kasonsa na gidan gado, ya sayo mai amfani da lantarki. Ƙaninsa Auta, wanda shi ya koya wa tuƙi kuma layinsu ɗaya, ya yi ta ba shi baki, bai ji ba. Motar kuwa ba ta ba shi kunya ba. Kuɗin man da tsohuwar take sha a yini guda ya ishi wannan cajin kwanaki, ga shi babu zancen juyen baƙin mai. Ranar da ya shigo da nama kwana biyu a jere, matarsa ta ƙare masa kallo.

"Maigida, fashi ka fara ne ban sani ba?"

Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya rage kuɗin mota, fasinja suka dawo kansa kamar ƙuda, sauran direbobi suna hamma a inuwa alhali mai na ƙara tsada.

Rana tsaka shugaban tasha ya iso da bokitin yashi, direbobi na biye da shi. Suka zagaya motar, suka ɓalle ɗan murfin da ke gefe, ba su ga komai ba sai ramin caji. Wata fasinja ta tuntsire da dariya, kuma dariyar nan ce ta ɓata komai.

"Kai da ka zuba wa wasu, kai za ka mai da mu 'yan iska?" in ji shugaba, ya maka masa bokitin a fuska.

Galan ya rama, ya kai mutum biyu ƙasa, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Aka rufe shi da ƙafa da bel. Wani ya sauke masa ƙarfen kwance taya a haƙarƙari, ya ji abu ya karye a ciki. Jini ya rufe masa ido. Yana kwance ya ji muryar shugaba:

"Tunda ba ta sha ta ciki, a ba ta ta waje. Ku kawo jarka da ashana!"

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, don duk abin da ya mallaka a duniya yana kan tayoyin nan huɗu.

Abin da bai ji ba shi ne maganar Auta. "Ku dakata, don Allah! Dole akwai tanki ta ƙasa. A yi mata yashi kamar kowa, ban da wuta." Auta ya san babu tanki, lokaci kawai yake ja ko zuciya ta huce. Ya kwanta a bayan motar, ya cusa kai yana lalube.

Galan ya ja ciki ya shige mazaunin direba, ya danna maɓalli, motar ta tashi babu ko ƙara. Mutane sun tare gaba, sai ya sa ribas. Duk direban tashar nan da kunne yake aiki: muddin inji bai tashi ba, kana iya barci a ƙarƙashin mota. Don haka babu wanda ya motsa, babu wanda ya yi ihu.

Motar ta ɗaga, ta sauka. Sai a lokacin ihu ya tashi, mai jarka ya saki jarka, shugaba ya ɗora hannu a ka. Galan ya fito yana dafa ƙofa. Motarsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ƙaninsa kuwa yana kwance, cinyoyinsa biyu sun lanƙwashe inda babu gaɓa.

Ya durƙusa ya tallabo kan ƙanin nasa. Auta ya buɗe ido da ƙyar.

"Yaya," ya ce, "ban ji ka tayar ba."