Hoton Tauraruwa Don Surukina

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, lakwal, wato makaranta, a rufe take saboda yajin aiki. Maigidana kuwa malamin kimiyya ne, kuma zama wuri ɗaya ciwo ne gare shi. Sai ya jawo tsohon madubin hangen nesa da wani Bature ya bar masa, ya kafa a tsakar gidanmu a Tawa.

Don mahaifinsa yake yi. Tsohon yana Bambeye, ido ya yi rauni, sai abin da ya kai bakin hancinsa yake gani. Gari duka ana zancen tauraruwa, shi ko ya ɗaga kai sai duhu. Maigida ya rantse sai ya kai masa ita a takarda. Fim ɗinmu kuwa saura hoto guda.

Aikin na mutum biyu ne, don sama ba ta tsayawa, tafiya take tana karkata. Shi yana juya kamara sannu sannu da wani zobe da maƙeri ya yi masa. Ni kuma idona yana kan ƙaramin madubi, ina murza noti don wata tauraruwa ta zauna daidai inda silin gashi biyu suka gitta. Gashina ne ma, maigida ya tsige ko izini babu. Minti ashirin, ba tari, ba motsi.

Wallahi daɗi na ji. Bayan isha iska ta kwanta, sai na ji gidan duka yana tafiya da ni a hankali, kamar ina bisa raƙumi. Na manta da tuwo, na manta da kaina.

Sai sallama a zaure. Muryar tsohon ce, ya biyo motar kasuwa bai aiko ba. Maigida ya raɗa mini kada in motsa. To shi ɗa ne, ya amsa da baki ya ci gaba da aikinsa. Ni fa? Suruki ya shigo ina tsaye na ba shi baya? Gwiwata ta kai ƙasa kafin in yi shawara da ita. Gaisuwar tsofaffi kuwa ba ta gajarta.

Kwana uku maigida yana cika yana batsewa. Da hoton ya dawo daga wanki a Yamai, kowace tauraruwa ta ja dogon layi, aikin ya lalace. Zai yaga, tsohon ya karɓe, ya kai bakin hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe duka wutsiya gare su. Ku kunka ce mani guda ɗai ta."

Yana murmushi, hawaye na bin gemunsa. Na dubi maigida, ya sunkuyar da kai. Har tsohon ya bar duniya, a cikinmu ba wanda ya iya gyara masa zancen.