Gladys da Butar Shayin Merv

Merv Pascoe ne ke kula da kwamfutocin ofishin ƙaramar hukumarmu a Queensland. Gajere ne mai tumbi, kullum cikin gajeren wando da safa har gwiwa, kuma ba abin da yake tinƙaho da shi kamar Gladys. Gladys ita ce tsohuwar na'urar da ke riƙe da sunayenmu da kalmomin sirrinmu. In ba ta ce ta san ka ba, ko kai ne shugaba, ba ka isa ka buɗe kwamfutarka ba.

Halinta ɗaya: Merv na yin tafiya, kafin ya dawo ta sandare. Fitilarta na ci, fankarta na juyi, amma ba ta amsa kowa. Shi kuwa ya ce ƙauna ce. "Kewata take yi," in ji shi, yana shafa gefenta. Ni abin haushi yake ba ni, don ni ke zaune a teburin karɓar jama'a ina shan zagin mutanen gari.

Aka sayo sabuwar na'ura mai babbar manhaja daban don ta maye gurbin Gladys. Merv ya juye mata rumbun bayanan Gladys, ta ce sam ba ta san wannan tsari ba, dole aka ci gaba da Gladys. Ranar har gasasshen tsiran nama ya raba mana don murna.

Sai ga bikin 'yarsa Raelene, can tsibirin Tasmania. Matarsa Dot ta ce, "Ko ka zo ka riƙe hannun 'yarka, ko ka kwashe kayanka ka tare wurin Gladys." Merv ya rasa inda zai sa kansa.

Ana cikin haka likita ya hana shi shayi. Ba a jima ba Gladys ta sandare, yana zaune a gabanta.

"Ga ni nan fa, Gladys," ya ce. "Me na yi miki?"

Don takaici ya jona butar shayinsa, ya ce likita ya yi ta kansa. Da can, yana jona ta yake fita ɗauko madara. Ranar bai motsa ba, ni ma ina bakin ƙofa. Wuta ta ƙifta, fankar Gladys ta yi tsit, sannan ta tashi garau, kowa ya shiga kwamfutarsa.

Na ce, "Mutumina, soket ɗaya suke? Ashe kullum da safe kashe ta kake yi, ta huta ta farka?"

Ya dubi soket ɗin. Ya miƙa mini butar da hannu biyu don in riƙa jona ta kullum da safe, ya tafi sayen tikitin jirgi.

Ranar biki ya kira ni, kiɗa na tashi a bayansa.

"Narelle, ya take?"

"Lafiya lau. Ko tari ba ta yi ba."

Ya sake tambaya, "Ko ɗan jinkiri babu?"

"Je ka yi rawa da amarya, Merv."

Na ajiye wayar, tausayinsa ya kama ni, abin da ban taɓa zato ba. Daga ranar na daina jona butar. Da ya dawo ya tarar da ofis tsaye cak, layi har bakin titi, ana ta zagina. Ya wuce ɗakin Gladys da jakarsa a kafaɗa, fuska kamar gonar auduga, yana cewa, "To, ya isa, ai na dawo."