Mma Ramatu da buhun yangjiang

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka ce min Mma Ramatu ta rasu a Kumasi.

A Guangzhou ta ƙasar Sin na san ta, cikin sanyin 1998. Ina da cikin fari, maigidana kullum yana wajen masu fakitori, ga likita ya ce sugana ya hau. Ban san kowa ba. Komai aka ajiye min a faranti, tsoronsa nake ji.

Ita 'yar Kumasi ce, a ƙasan benenmu a unguwar Dengfeng take dafa wa 'yan kasuwa abinci. Ita ta fara kawo min yangjiang, wata saiwa mai kama da citta, ta ce masu suga a nan suna cin ta a madadin dankali.

Da na ga saiwar ta karɓe ni, na sa aka sayo buhu guda na cusa a firij. Bayan 'yan makonni sai na ji ta ƙara daɗi, na ƙara yawan ci. Da aka sake gwaji, suga ya ƙi sauka. Na yi ta kuka, gani nake zan rasa cikin.

Mma ta hawo, ta buɗe firij ɗin, ta ɓallo ɗaya ta tauna.

"'Yata, wannan ai sanyi ya mai da ita zaƙi. Ba taki ba ce kuma."

Ta kwashe duka ta dafa wa kwastomominta. Daga ranar, ita ke zuwa kasuwa da ƙafarta mai ciwo, ta sayo min sabuwar haƙa kaɗan-kaɗan. Da lokacin saiwar ya wuce, masu sayarwa suka fara ce mata "meiyou", wato babu, sai ta koma yi min miyar ganye.

Na sauka lafiya.

Ganinmu na ƙarshe ranar da za mu dawo Kano ne. Ta goya jaririyar har bakin tasi, ta kwance ta da ƙyar, ta ce, "Ki riƙa cin abinci, tsoro ba ya ƙosar da mutum."

Tun safe nake kiran 'yarta, layin ba ya shiga. Ban san ko an kai Mma makwancinta ba, ban san wa ke tare da su ba. 'Yan zangon Kumasi, don Allah wanda ya san gidan ya yi min magana.

Allah Ya jiƙan Mma, Ya haskaka kabarinta. Duk wanda ya karanta, ya taya ni roƙa mata gafara.