Gamba Mai Tafiya

Baffana, ƙanin mahaifina, mutum ne da ba ya ƙarasa magana da bakinsa. Sai an zo daidai inda ya kamata ya ce e ko a'a, sai ya gyara zaman hularsa, ya jefo maka karin magana, ya juya ya kama taɗi da na kusa da shi. A ƙauyenmu da ke gefen Ƙarfi wannan hali ya sa ana ganin girmansa ƙwarai. Ni ma na daɗe ina gani, har zuwa shekarar da na lura gambar gonarmu ta fara tafiya.

A wajenmu ciyawar gamba ce iyaka. Ana dasa ta gindi-gindi tsakanin gona da gona, ta yi saiwa ta zauna, rani da damina. Ni kaɗai Baba ya bari, don haka da aka zo rabon gado Baffa ma ya samu nasa kason. Aka yanka masa gefen gabas, ni da Inna muka tashi da sauran, aka dasa gamba a tsakani a gaban liman da mai unguwa. A cikin namu ɓangaren akwai wata tsohuwar ɗorawa, kunya tara tsakaninta da iyaka. Wannan itaciya ita ce sana'ar Inna. Da bazara a kaɗo mata 'ya'yan, ta fitar da kalwa, ta dafa daddawa ta sayar, ba ta taɓa roƙon kowa kuɗin sabulu ba. Kuma kowa ya san doka: wanda itace ke cikin gonarsa, shi ke da 'ya'yansa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Funtuwa, sai ƙarshen mako nake leƙa gida. Wata damina na tsaya a gindin ɗorawar na ƙirga kunyoyi, na samu bakwai. Na ce ko idona ne. Damina ta zagayo, na samu biyar. Ashe duk ranar huɗa, mai garmar shanun Baffa sai ya lashe kunya ɗaya ko biyu daga namu, a tumɓuke gambar a dasa ta gaba. Ruwa biyu ya sauka a kai, shi ke nan, kamar tun fil azal a nan take.

Na je zauren Baffa na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, na ga kamar gamba ta matso."

Ya ce, "'Yar nan, tsintsiya maɗaurinki ɗaya."

Na koma bayan wata guda, ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Na sake komawa, a gaban baƙinsa ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mutanen zauren suka gyaɗa kai. Abin da ya fi ƙona min rai har yau shi ne ni ma na gyaɗa, har na ce, "Haka ne, Baffa." To, wa zai yi musu da karin magana? Ji kake kamar ka tsaya gardama da duk kakanninka da ke kwance a maƙabarta. Na fito ina huci, ban san ma da wa nake fushi ba, da shi ko da bakina.

Inna kuwa nata ɗaya ne. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Ke, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa."

Na ce, "Inna, dutse ba ya shiga miya. Daddawa ke shiga."

Ta harare ni ta ci gaba da sussukarta.

A gidan hayar da nake zaune a Funtuwa akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da manja, muna kiranta Iya. Ta fi ni daɗewa a garin, 'ya'yanta duk a nan ta haife su, Hausarta kuwa ta fi ta wasu malaman makarantarmu. Wata ranar la'asar tana ɗura manja a kwalabe na zauna na zazzage mata cikina kaf. Ta yi dariya har sai da ta ajiye mazurari.

Ta ce, "Ku Hausawa kun ɗauka ku kaɗai kuka yi kakanni? Mu ma muna da namu, kuma sun yi magana. A wajenmu cewa ake yi, hannun yaro ba ya kaiwa ga ragaya, amma na babba ma ba ya shiga bakin gora. Akwai kuma wata: babba ba ya zaune a kasuwa yana kallo kan jariri ya karkace a goye." Ta ɗauki mazurarinta ta ƙara da cewa, "Malama, karin magana fartanya ce. Wanda ya riƙe ƙota take wa aiki."

Na yi kwanaki ina jujjuya maganar nan. Sai na fara tuno namu waɗanda Baffa bai taɓa faɗa ba. Ai mu ne muka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ashe kakannin nan ba duka suke bayan Baffa ba, shi ne yake zaɓar waɗanda zai gayyato.

Damina ta sake faɗuwa, kunya uku suka rage. Na samu labari ranar Asabar za a yi huɗa. Da sassafe na hau babur na sauka a ƙofar mai unguwa, na tarar da shi tare da liman suna shan koko. Na faɗi abin da ya kawo ni. Mai unguwa ya fara cewa ai maganar cikin gida ce, sai na sunkuyar da kai na faɗa musu ta jaririn da ke goye a kasuwa. Liman ya dube ni, ya ajiye ludayinsa ya nemi takalmansa.

Mun iske an riga an ɗaura wa bijimai garma. Na ci ɗamara da mayafina, na karɓi fartanya a hannun wani mai ƙodago, na fara haƙe gambar nan gindi bayan gindi ina kai ta gabas. Ban sha wahalar gane tsohon wurinta ba, don gamba ba ta tumɓukuwa duka. Guntayen saiwoyin da aka bari sun yi tsiro a jere a cikin gonar Baffa. Liman ya taka daga gindin ɗorawa yana ƙirga da sandarsa, ya tsaya daidai kan tsiron, ya ce a hankali, "Tara ne. Ni na ƙirga su ranar rabo."

Kafin in gama Baffa ya iso, babbar rigarsa tana jan raɓa. Ban saki fartanyar ba. Ya dubi mutanen da suka taru, ya gyara hula, ya sake kawo maganar babba da yaro da rimi.

Na ce, "Gaskiya ne, Baffa. Amma an ce hannun babba ma ba ya shiga bakin gora."

Ya ce, "Wannan ba maganarmu ba ce. Ina kika aro ta?"

Na ce, "A Funtuwa. Gonar nan ma ba taka ba ce, kuma ba ka ko aro ta ba."

Mai garma ya juya bijimansa ba tare da an ce masa ya juya ba. A karo na farko a sanina Baffa bai kai hannu ga hularsa ba. Ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Ba zan ce an yi min guɗa ba. A ƙauye an ce boko ya cinye min tarbiyya, an ce zama da Yarabawa ne. Inna ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Baffa bai sake taka gidanmu ba, ko da sallah, 'ya'yansa da muka tashi tare suka riƙa sauya hanya in sun hango ni a kasuwar Malumfashi. Abin ya yi min ciwo sosai, don ina son mutanen nan. Amma bazarar da ta biyo baya Inna ta dafa daddawarta, kuma ba ta nemi izinin kowa ba kafin a hau itaciyar.

Bayan shekara uku ciwo ya kwantar da shi. Inna ta tasa ni gaba muka je dubiya, tana ta ja min kunne a hanya cewa in roƙe shi gafara. Mun same shi ya rame ƙwarai, ya juya fuska wajen bango. Na durƙusa na ce, "Baffa, sannu da jiki." Bai juyo ba. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu.

Na ce, "Baffa, ka yafe min ɗaga maka murya da na yi a gaban jama'a."

Ya ce da bango, "Shi ke nan?"

Na san abin da yake jira. Hawaye suna zubo min, Inna ta riƙe gefen zanena tana ja.

Na ce, "Shi ke nan, Baffa."