Orval Pruitt da Koriyar Motarsa

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, wajen ƙarfe goma na safe, aka harbe Orval Pruitt a kan gadar rafin Tamarack, mil biyu daga gidana. Harsashi uku suka same shi, ɗaya a wuya. Ya fi awa guda jininsa na zuba a kan ƙanƙara kafin ɗan sanda ya iso, domin ɗan sanda ɗaya ya rage mana a duk ƙaramar hukumar nan. Allah ne ya ba mu shi, Allah kuma ya karɓi abinsa.

Orval, ni na koya maka karatu shekara hamsin da suka wuce, ban taɓa zaton ni zan rubuta maka wannan ba.

Kashi tara cikin goma na ƙasar ƙaramar hukumarmu gandun dajin gwamnatin tarayya ne, ba a karɓar haraji a kansa. Abin da tarayya ke aiko mana a madadin harajin, da shi ake biyan 'yan sanda, da shi ake kwashe ƙanƙara daga hanyoyi. Bara kuɗin bai iso ba. Aka sallami ma'aikata, har da kai, bayan shekara ashirin da shida kana tuƙa gireda mai share hanya. Aka ce ba za a ƙara share hanyata ba, tunda ni kaɗai na rage a ƙarshenta, gara in koma gidan tsofaffi a birni. Na ce a gidana matata ta rasu, a nan zan bi ta.

Ina wurin taron da aka yi a makaranta lokacin da Garth Stobbs, wanda aka hana shanunsa kiwo a gandun, ya ɗauki kujerar ƙarfe ya maka wa jami'in daji a baki. Haƙora biyu suka faɗi ƙasa. Kai ka shiga tsakani, ka sha naushi har idonka ya rufe, kana gaya wa Garth mutumin nan ɗan albashi ne kamar kowa. Garth ya rantse a gaban jama'a, duk koriyar motar ma'aikatan daji da ta ƙara taka gadar nan sai ya huda ta.

Tun daga Nuwamba kake share mini hanya da taka motar, da naka man, sau biyu a mako. Ka kan buga ƙofa da ƙafa, maganina a hannunka, ka ce, “Tsoho, kana nan, ko in kira masu haƙa kabari?” Da motar ta mutu, ka sayi tsohuwar koriyar a-kori-kura ta ma'aikatan daji a gwanjo, yadda talakawan nan suka saba yi. Kowa ya san sai an sake mata fenti kafin a fita da ita. Na gaya maka haka har sau biyu.

“Malam, kuɗin fenti ai man mako biyu ne,” ka ce. “Kuma wa zai kasa gane wannan ƙaton kan nawa?”

Zuwanka na uku ke nan da ita. Ƙanƙara na zuba da ƙarfi, Garth ya hango koriyar mota daga kan tudu, bai ga fuska ba, ya buɗe wuta. An ce shi ya jawo ka daga motar, ya danna hularsa a wuyanka yana kiran sunanka har ɗan sanda ya zo. Ba zan ce na yafe masa ba tukuna.

Ban sami zuwa jana'izarka ba, hanya a rufe take. Jibi za a zo a ɗauke ni zuwa birni. Na daina gardama. Gardamata ce ta sa ka a kan gadar nan, wannan kuwa da shi zan tafi.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sanyaya makwancinka. Wilma, ke da 'ya'yanki Darla da Noreen, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda mijinki kuma mahaifinsu yake tsayawa. Ku yafe mini.

Emmett Rasmussen